Gayyar da Ta Fanshi Golanmu

Malamin wasanninmu na sakandare a Ajingi ya yi ritaya bara, bayan ya cika kabad ɗin ofishin shugaban makaranta da kofuna. A wajen walimar, masu jawabi sun yi ta yabon dabarunsa a fili. Ba wanda ya ambaci fartanya, alhali da ita ya ci rabin kofunan nan.

Gasar makarantu takan faɗo cikin damina, mu kuwa 'ya'yan manoma ne. Idan uba ya hana ɗansa zuwa ƙwallo, Koci, kamar yadda muke kiransa, ba ya jayayya. Sai ya kwashe mu gaba ɗaya mu yi wa mutumin gayya, mu nome gonar, ya karɓi ɗan wasansa.

A shekarar da muka kai wasan ƙarshe a Gaya, mahaifin golanmu, wani dattijo a Gafasa, ya riƙe shi saboda ciyawa ta fara cin geronsa. In bai zo ba, ni zan shiga raga. Ni kuwa a atisaye har ƙwallon da ɗan bayanmu ya turo mini a hankali ta taɓa bi ta tsakanin ƙafafuna. Da aka sanar, kyaftin ɗinmu ya dafe kai ya yi salati.

Ana gobe wasa, da sassafe, muka cika a-kori-kura da fartanyu. Koci bai sanar da dattijon ba, don kada ya samu damar cewa a'a. Ya ce ya san gonar, ya taɓa ganinsa tsaye a cikinta.

Ya jera mu kamar a fili: 'yan baya a gabas, 'yan gaba a yamma, kowa da kunyarsa. Ya busa usur. Muka duƙa muna tsere, muna waƙa, duk wanda ya sare gero ana yi masa ihun jan kati. Kafin rana ta yi zafi gona ta yi fes.

Sai ga wani mutum a kan keke. Ya sauka, ya daɗe yana kallo.

"Sannunku da aiki, bayin Allah. Wa ya turo ku gonata?"

Daga gindin wata tsamiya a gonar da ke maƙwabtaka muka ji dariya. Mahaifin golanmu ne, yana riƙe da ciki, ɗansa a gefe ya sunkuyar da kai. Ashe ranar da Koci ya gan shi, hira ya shiga yi da maƙwabcinsa.

"Baba, kana kallo ba ka yi magana ba?" in ji Koci.

"Yaron nan ya so ya yi, na hana shi. Ban taɓa ganin noma da usur ba, Malam, na ce bari in ga ƙarshensa. Aiki ya yi kyau. Tawa ga ta nan."

Hannayenmu duk sun yi kanta sun ɗuri ruwa, ga wasa gobe. Koci ya dubi gonar, ya dube ni, ya sake duban gonar, ya ɗaga usur.

"Ajiye abin nan, Malam," in ji mai keken. "An yi mini gayya, dole in rama. Gobe ni da 'ya'yana muna gonarka, Alhaji. Saki yaron."

Dattijon ya share hawayen dariya.

"Ya tafi. Amma in aka zura masa ko ɗaya, a ƙafa zai dawo daga Gaya."

Muka ɗaga golan sama muka zagaya tsamiyar da shi, kyaftin ya rungume ni kamar ni na ci ƙwallo.

Washegari ba a zura masa ba, har fenariti ya kama. Na kalli wasan daga benci, ina ta ihu, don hannuna ba ya tafuwa.