Tsoho Mai Jiƙaƙƙen Hankici

A tashar mota mai shayi yana kiransa Shugaban Ɗalibai, kuma ba wanda ke dariya. Dogon tsoho ne, kwat ɗinsa ta koɗe, yatsunsa biyu a karkace. Malamar da ke kusa da shi tana zargin takalmin soja ne ya taka su.

Ɗalibai masu zanga-zanga suna wucewa. Yana jiƙa hankici da ruwa, yana miƙa wa wata yarinya a cikinsu.

"Rufe hanci, 'yata, barkonon tsohuwa na tafe."

Muryarsa a dishe take, yarinyar ko waiwaye ba ta yi ba.

"Baba, kai ma ka yi wannan?" in ji malamar.

Yana matse hankicin a hankali. "Mu tara muka fara. Ni kaɗai suka bari na tsufa."