Mai sikelin da ake riƙe wa laima

Sau ɗaya muka yi faɗa da shi, ko sunansa ban sani ba. Dogon mutum ne mai gilashi ɗaure da zare, yana auna buhunan albasa a kasuwar Jiratawa da wani ƙaton sikeli mai lambobin wuta. Shi yana tsaye a rana, laima tana kan sikelin, wai zafi yana sa shi ƙarya. Kafin a ɗora buhu sai ya share shi da hularsa, ya kori iska da harara. Ina jin ko matarsa ba ta samun wannan lallashi.

Ƙullin daddawa na kai masa, zan aika wa ɗiyata Samira a Jidda, matar da za ta kai mata kuma ta rantse in ya wuce kilo biyu a nan za ta bar shi. Ya ɗora, biyu. Ya sake, biyu da rabi.

Na ce, "Wanne ne gaskiya?"

Ya ce, "Duka, Iya. Na tan guda ne. Maƙeransa sun yarda ya kauce da rabin kilo. A lodin mota wannan ba komai ba ne."

"A daddawata miyar wata guda ce."

Ya nuna mini ƙaramin sikelin mahauci, ransa a ɓace kamar na zagi ubansa.

Na ɗauki ƙullina na ce, "Ɗana, mayar da laimar kanka. Abin nan halin manyan gari gare shi, ba ya ganin mutum sai ya zo da buhu."