Igiyar Shanya

Abokan aikinsa Gizo-gizo suke ce masa. Ni kuwa Baban yara nake cewa, in ya ɓata min rai in ce "kai mutumin nan". Sana'arsa wanke gilashin dogayen benaye, daga waje, yana reto a jikin igiya, bokiti a ƙugu. Uwarsa takan ce tun yana yaro in an neme shi a ƙasa an rasa, to a ɗaga kai. Mutum ne mai fara'a, ba ya ƙarya, ba ya yawon banza. Aibinsa ɗaya: in ya ga kuɗi a dunƙule, sai lissafinsa ya tsaya cak.

Lokacin da na aure shi ma'aikacin kamfani ne. Albashin ba wani mai kauri ba, kuma kafin ya iso hannunsa an yayyanke shi: haraji, fansho, kuɗin asibiti. Duk ƙarshen wata sai ya ja tsaki ya ce, "Ni ke lilo a sama, wasu ke shan romo a ƙasa." Amma ranar da iska ta yi ƙarfi ana sauko da su, a biya su kamar sun yi aiki. Kuma igiya ta kamfani ce.

Igiyar nan tana da doka. In wa'adinta ya cika, ko tana sheƙi kamar sabuwa, mai sito zai sa wuƙa ya daddatsa ta a gaban kowa, don kada wani ya yi kwaɗayi. Rana da ruwan sabulu suna cinye ta daga ciki, ido ba ya gani. Shi da bakinsa ya gaya min. Wata rana ya lallaɓi mai sito ya bar masa guda ba a yanka ba, ya kawo gida ya zarga ta daga ƙarfen taga zuwa ƙafar tankin ruwa, ya kai ya kawo har ta cika tsakar gida.

"Ga igiyar shanya, Sarkin mita," ya ce da ni. "Har jikokinki."

"Ba dai wata rana ka ce za ka hau da ita ba?"

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Wannan? Ko jiƙaƙƙen bargo aka rataya mata ina tausaya masa."

Sai kamfani ya ce ya gaji da riƙe ma'aikata, kowa ya koma ɗan kwangila. Aka ba su zaɓi. Ko mutum ya shiga hannun wani kamfanin dillalai, su karɓi kuɗinsa, su cire haraji da inshora da nasu kason, su ba shi igiya da ragowar. Ko kuma ya tsaya da ƙafarsa, a biya shi kuɗin kowane bene cif, ba a taɓa ko sisi ba. Amininsa Dogo ya shiga hannun dillalai. Baban yara ya yi masa dariya har da riƙe ciki. "Ka fito daga bakin kura ka shiga bakin zaki!"

Biyan farko, wallahi ni ma sai da na taka rawa. Firji ya shigo gidan nan, yara suka samu takalma. Wa ke ƙin daɗi?

Daɗin bai shekara ba. Harajin da ba a cire ba ashe bai mutu ba, kwanciya ya yi, ya tashi gaba ɗaya a rana guda. Autarmu ta kamu da ciwon ƙirji, na miƙa katin asibiti, matar da ke karɓar kati ta turo min shi da yatsa ta ce an rufe shi. In iska ta kaɗa babu biya, sai ya fara hawa cikin iska. Dogo kuwa abin da yake kaiwa gida bai kai namu ba, amma bai taɓa canzawa ba, matarsa tana barcinta.

Na ce ya je ya roƙi dillalan. Ya haɗiye girman kai ya je, suka ce babu gurbi.

Igiyar da ya saya da kuɗinsa ta fara tsufa. Gefen rufin wani bene ya goge ta har farin zaren da ke cikinta ya leƙo. Mai kula da benen ya gani ya ce ba a wurinsa ba, ya je ya zo da wata ko a ba wa wani aikin. Aiki ne babba, wanda Baban yara ya ce in ya gama zai sayi sabuwa har biyu. Ya dawo ya zauna a bakin ƙofa, bai taɓa abinci ba.

"A sayar da firjin," na ce.

"Ko rabin kuɗin igiya ba zai kai ba."

"To ka ari ta Dogo."

"Tasu a sito take kwana, sai da sa hannu."

"To ka haƙura da aikin mana! Yunwa ba ta taɓa jefo mutum daga sama ba."

Ya yi murmushi, irin wanda ba na so. "Kwantar da hankalinki, Sarkin mita. Za a san abin yi." Yana maganar yana kallon tsakar gida. Ni wawiya, na ɗauka yara yake kallo.

Yau da sassafe na yi wanki na shanya, na raka Auta makaranta. Ina dawowa na tarar da kayan a kan kujera, jiƙe sharkaf, an ninke su tsaf yadda shi kaɗai ya iya ninki. Tsakar gida fayau. A jikin ƙarfen taga babu komai sai farin tabo inda ƙullin ya daɗe yana zaune.

Na kira wayarsa. Ba ya hawa da waya, na sani, a jaka yake barinta a ƙasa. Duk da haka ina ta kira, tana ta ƙara. Ga iska kuma ta taso, sai buga min ƙofa take yi.