Fitilar Ƙofar Malam Ango

Malam Ango na Kurgu bai iya zama wuri ɗaya ba. Shekara talatin yana koyarwa a firamare. Da ya yi ritaya, maimakon ya nemi inuwa ya shimfiɗa buzu kamar sa'o'insa, sai ya tsallaka iyakar Benin ya dawo da wani tsohon madubin hangen nesa, ƙafar madubin ɗaya ɗaure da roba.

Ba ma wata yake kallo ba, balle ya yi mana rana a daren neman watan azumi. Garken taurari yake farauta, masu nisan da ko a madubin ɗan fari-fari kawai za ka gani. Shi ma sai duhu ya yi duhu, sai kuma ka ɗan kau da ido gefe. Ya samu goma sha ɗaya. Na sha biyun ne ya hana shi sakat, ga kuma yanar ido ta fara rufe masa idon dama, na hagu kuwa tuni ya tafi.

Ana haka aka kawo wa gari fitilar sola guda ɗaya tak. Dattawa suka zauna, suka ce wa ya fi cancanta? Aka kafa ta a ƙofar Malam don girmamawa, har da addu'a! Ya yi godiya, ya shiga gida ya kasa cin tuwo. Ni maƙwabcinsa ne, wallahi ya ba ni tausayi. Wa zai mayar wa dattawa alherinsu?

Sati uku yana kai da kawowa a tsakar gida. Ya ja madubin bayan rumbu, ya ja shi bayan turken awaki, haske na biye da shi.

Matarsa Sailuba, wadda ta sha cewa kallon sama ba ya cika tukunya, ita ta fara gajiya. Bayan isha'i ta ɗauko gorar kaɗo mangwaro, ta kifa wa fitilar bokiti.

"Yi maza, Malam, kahin Wakilin gari shi biyo."

Ya duƙa kan madubin, ya daɗe, ya goge ido, ya sake duƙawa. Can sai ya ja baya.

"Taho ki duba. Ki kau da ido gehe kaɗan. Mi kig gani?"

"Wani ɗan hwari-hwari, awa an ɗiga nono ga baƙin zane."

Malam ya lalubi turmi ya zauna.

"Shi na," in ji shi. "Ƙara hwaɗa mini."