Wa Ke Rufe Ƙyauren Orval?

Orval Dierking bai taɓa yarda da kowa ba. Ko faston cocinmu ya jawo aya, sai ya buɗe littafi ya tabbatar tana nan. Shekara hamsin gonarsa na jingine da tawa a nan jihar Missouri, kuma duk da wannan hali shi ne aminina. Ranar da aka binne matata shi ya tatse min shanu.

Tun zamanin kakansa layin dogo ya raba gonarsu biyu, makiyaya a gabas, rafi a yamma. Masu jirgi suka bar wata 'yar kafa a ƙarƙashin tudun layin da ƙyaure a bakinta, ta nan shanu ke bi su sha ruwa. Da jirgi ya daina zuwa, Orval ya sa rai ƙasar za ta dawo hannunsa. Sai hukuma ta kwashe ƙarafan, ta zuba tsakuwa, ta ce hanya ce ta masu yawo a ƙafa da keke da doki. Ni na sa hannu na amince, har na kafa rumfar sayar da lemo da kek a gefen hanyar. Abin ya tsaya masa a rai.

"Kai Lyle," in ji shi, "ƙato da ƙarfinsa, da rana tsaka, yana tuƙa keke ba inda za shi? In ba leƙen asiri ba, me ya kawo shi?"

Mu nan da ƙa'ida ɗaya kowa ya tashi: yadda ka samu ƙyaure haka za ka bar shi, a buɗe ko a rufe, mai shi ya san dalilinsa. A zafin watan Agusta Orval a buɗe yake barin nasa. Sau biyu ya tarar an rufe, an naɗe sarƙa tsaf. A na uku ya wuni a kasuwar shanu, ya dawo ya iske garken ya yi cincirindo a bakin ƙyaure, suna jin ƙanshin ruwa ba halin sha. Wata saniya mai ciki ta faɗi, ba ta ƙara tashi ba.

Washegari a shagon shan kofi, gaban mutane, ya nuna ni da yatsa.

"Baƙo ba ya ɗaure sarƙa haka. Wannan aikin ɗan gida ne. So kake in gaji in sayar da gonar, ka faɗaɗa rumfarka!"

"Tsufa ne ke ɗawainiya da kai, Orval," na ce. "Ni da na sha ruwan rafin nan tare da kai?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma in faɗi gaskiya, ni ma zargi ya shige ni. Na ce a raina ko shi ke rufewa da kansa don ya samu hujjar kai hukuma kotu. An ce zato zunubi, amma na rufe rumfa, na laɓe cikin bishiyoyi kwana huɗu ina jiran in kama tsohon.

A rana ta huɗu sai ga wata dattijuwa a kan keke. Ta sauka, ta gangara, ta ja ƙyauren, ta naɗe sarƙa a natse. Marlene sunanta, tsohuwar nas daga birnin St. Louis. Na buɗe ƙyauren, na roƙe ta mu je wurin mai shi, ta biyo ni da fara'arta.

"Baba, kai ne mai mantuwar nan?" ta ce wa Orval. "Yau sau huɗu ke nan ina rufe maka, kada shanunka su ɓata. Ba sai ka gode ba."

Na jira ya fashe da faɗa. Bai ko ɗaga murya ba. Ya gaya mata inda rafin yake, ya gaya mata batun saniyar. Ta dafe baki, hawaye suka zubo, ta ce ita taimako ta yi niyya.

"Na sani," ya ce. "Ki gaida gida."

Da ta tura kekenta ta wuce, muka tsaya mu biyu. Ina jiran ban haƙuri, ko da kalma ɗaya ce. Sai ya dube ni.

"Da kai ne, Lyle, da na san wanda zan tsana."