Dodon Japan da Iyakar Gonarmu

Duk wanda ya kalli fim ɗin nan a gidan Gwaggo bai gane shi ba. Har ni, a kallon farko. Inna kaɗai na cire, ita kuwa ko rabinshi ba ta kalla ba.

Kuskurensu na farko ƙarami ne. Sun ce fim ɗin 'yan Caina ne, don a wajensu duk abin da ba na Indiya ba, ba na Turawa ba, to na Caina ne. Na nuna musu tutar da ke jikin motar sojoji, fara mai jan ɗigo a tsakiya, na ce Japan ce, mun yi ta a makaranta. Taubashiyata, ɗiyar Gwaggo, wadda ta karɓo fim ɗin wajen mai tura finafinai a waya a bakin tasha, ta ce, "To malama, mun ji. Japan ɗin ma ai unguwa ce cikin Caina." Na ƙyale ta. Ba kowace magana ake ɓata yawu a kanta ba.

Bazara ce, bayan la'asar, zafi ya hana kowa zama ɗaki. An kifa turmi a tsakar gida an jingina wayar taubashiyata da kwano, muna ɓarar gyaɗar ƙuli-ƙulin Gwaggo. A fim ɗin, wani abu ne ya taso daga cikin teku, ya fi kowane bene tsawo, yana taka motoci kamar gwangwanin madara, yana jan jela gidaje na zubewa. Mai fassarar Hausa sai ihu yake, "Jama'a ku kauce, maigida ya tashi da yunwa!" Gwaggo ta ce kada ne. Alhaji, mijinta, ya zo wucewa da buta ya ce guza ne, shi ya san jelar guza, kuma duk shirme ne. Bai wuce ɗin ba. Yana nan tsaye da butar har sojoji suka ƙare harsashinsu a banza.

Wannan gardamar ma ban damu da ita ba. Kada ko guza, wanda ya taka bai tsaya tambaya ba.

Babban kuskuren ya zo ne wajen da wani tsoho a fim ɗin yake gaya wa mutane cewa abin nan ya taɓa fitowa zamanin kakanshi, ya sake fitowa zamanin ubanshi. Gwaggo ta ajiye gyaɗar hannunta.

"Au! Ashe ma ya saba zuwa? To mi suke jira? Ku tashi daga bakin ruwan mana, bayin Allah! Wagga wauta har ina?"

Aka kwashe da dariya. Tawa ta fi ta kowa ƙarfi, kuma da gangan na yi. Na kalli Inna na ce, "Ai akwai irinsu a gidan nan, Gwaggo."

Sai na faɗi dalilin da ya sa na yi wa mahaifiyata haka a gaban mutane.

Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Sabuwa. Baba ya rasu ina aji uku, ciwo ne na ajali, ya bar mana gona guda da ya sare da hannunshi tun kafin a haife ni. Da 'yan bindigar daji suka matsa, muka fito ni da Inna da abin da kai zai iya ɗauka. Mun yi wata uku a Faskari wajen wata 'yar uwarta, ɗaki ɗaya mu bakwai, kafin Gwaggo, ƙanwar Baba, ta aiko mu taho Ƙanƙara. A nan na ƙarasa sakandare. A nan na samu wata ƙaramar makaranta ina koya wa yara baƙi da wasali. Damina biyu ke nan ba a sa fartanya a gonarmu ba.

Ni kam na yafe ta. Inna ce ta ƙi. Tun da aka fara jin cewa mutane na komawa noma, suna kwana cikin garin Sabuwa su fita gona da safe, ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta tura ƙarƙashin gado. Sau biyu ina kwance ƙullin nan ina mayar da kayan cikin akwati. Sau biyu tana sake ɗaurewa, ba ta ce mini komai ba. Da ma ta yi faɗa, da na san inda zan kama. Shirun nan shi ke ci mini rai.

To da na jefa mata maganar nan, ba ta ɗago ba. Gwaggo ta harare ni. Taubashiyata ta taka mini ƙafa ta ce ƙasa-ƙasa, "Baiwata, bakinki ya fi na dodon wari." Fim ya ci gaba. Abin ya gaji da ɓarna ya koma ruwa, kiɗa ya tashi, ana nuna garin ya zama kufai. Alhaji ya ce, "Shi ke nan? Ba su ma kashe shi ba?" Kowa ya fara kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zane.

Sai Inna ta ce mini, "Ke, maido baya kaɗan."

Ban ɗauka tana kallo ba. Idonta ma ba ya gani sosai sai ta matso.

"Ina, Inna?"

"Wajen matar can."

Wace mata? Na ja baya, na wuce, na sake ja. Can gefe, bayan jarumin da ke rungume da budurwarshi yana kuka, akwai wata tsohuwa mai ɗaurin kai. Ba ta da magana a fim ɗin, mai fassara ma bai kula ta ba. Tana tafiya a kan ɓaraguzai kanta sunkuye, taku ɗai-ɗai, ta tsaya, ta ɗauki dutse ta ajiye, ta juya ta nufi wani gefen. Ko ƙirga goma ba a yi ba aka ɗauke ta.

Gwaggo ta ce, "Kuɗinta ne suka faɗi."

Taubashiyata ta ce, "Ko ta zauce."

Inna ta ce, "Iyaka take nema. Ba ku ga tana ƙirga taku ba? Daga inda ƙoharta take. Kahin a zo a share wurin, a rasa na wane da na wane."

Ta tashi da farantin gyaɗarta ta shiga madafa.

Ban sani ba ko abin da masu fim ɗin suka nufa ke nan. Wataƙila cewa kawai suka yi, ke tsohuwa, yi ta yawo a baya kada wurin ya zama fanko. Amma na karɓi wayar na maimaita wurin har sai da mai ita ta fizge, kuma ban ga wata fassara da ta fi ta Inna zama ba. Matar tana ƙirgawa. Ana ganin leɓenta.

A wajenmu gona ba ta da takarda. Iyakarta gamba ce da aka dasa layi, da itace, da suri, da kuma mutumin da aka taɓa zagayawa da shi aka ce mashi nan ne. Da Inna Baba ya zagaya. Yayana tun yana ƙarami aka kai shi koyon kanikanci, ya san gonar amma bai san bakinta ba. Gwaggo ta yi aure ta bar ƙauyen kafin a sare ta. Ni kuma in an aike ni kai abinci, gindin ɗorawa nake ajiyewa in gudo, don ban taɓa son gona ba kuma ban ɓoye ba. Gambar kuwa wutar daji ta cinye, shanu sun tattake saura. Duk wannan na san shi tun da daɗewa. Haɗa shi ne ban taɓa yi ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban zaunu ba. In ina aji, yara na rera baƙaƙe, ni idona na taga ina duban gabas ko hadari ya fara haɗuwa. In na dawo gida in ɗauki tsintsiya in ajiye, in fara wanki in bar shi a jiƙe. Haushin kowa nake ji. Na ji haushin masu fim ɗin da suka ɓata awa biyu a kan ƙaton ƙadangare yana hamma, suka ba matar nan ɗan lokacin da bai isa a sha ruwa ba. Da ni ce, dodon minti biyar zan ba shi. Ya zo, ya rushe, ya tafi, mun gani. Abin da nake son gani shi ne wa ya dawo, mi ya tarar, da wa ya yi rigima a kan bango.

Alhaji kuma ya samu abin hira. Duk wanda ya zo zaure sai ya ba shi labarin fim ɗin da ya ce shirme ne, ya ƙare da cewa, "Ai dodonsu ya hi namu mutunci. Ana hango shi daga nesa, ba ya zuwa a babur." Su yi ta dariya. Ran nan na kai musu ruwa na kasa haƙuri.

"Baba Alhaji, ku da ba ku taɓa barin gida da tabarma a ka ba, ku daina auna mana dodo."

Na san na yi rashin kunya, kuma da yamma na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce, "Tashi, ɗiyata. Zahin kan ubanki ne, na san shi." Amma maganar ban janye ta ba. Mai cewa ku tashi mana, yana faɗa ne daga kan kujerarshi. Tashin ba shi ne wuya ba, mun yi shi cikin rabin yini. Abin da ba su sani ba shi ne wurin da ka bari ba ya tsayawa jiranka yadda ka bar shi.

Ana haka Yaya ya kira daga Sabuwa. Ni na ɗauka, don Inna na salla.

"Ke, mutane sun fara sharar gona fa. Maƙwabcinmu na yamma ya zuba taki har kusa da ɗorawa."

"Cikin tamu?"

"To ai shi ne ban sani ba. Na tambaye shi, shi ma ya ce wallahi bai sani ba, ubanshi ne ya sani, kuma kin san ya rasu a Funtuwa bara. Ya ce in Inna ta zo ta nuna, duk inda ta ce ya yarda."

"In ba ta zo ba fa?"

"Ruwa na sauka zai yi huɗa inda takinshi ya tsaya. Mi kike so ya yi? Ya bar iyalinshi da yunwa yana jiranmu?"

Na ce mashi hanya fa? Ya ce yadda na sani. Wata rana lafiya, wata rana a ce kada kowa ya fita. Ba a yin yamma a gona, azahar kowa ya kamo hanyar gari. Bai yi mini alkawarin komai ba, kuma na gode da bai yi ba, don da na ƙaryata shi.

Na samu Inna a kan sallaya tana murza gwiwa da man zafi. Na faɗa mata saƙon yadda yake, ban rage ba. Na zata za ta ce kin gani ko. Ba ta ce ba.

Na ce, "Inna, ki gaya mini iyakar daga nan in rubuta. Sai in tura wa Yaya."

Ta yi 'yar dariya. "Da baki? Daga ɗorawa ki yi gabas har suri. Wane suri, cikin guda nawa? Wanda ubanki ya kashe maciji a gindinshi. Rubuta in gani."

"To ki tuna taku nawa ne."

"Ƙahwata ta sani, ni ban sani ba. Sai na taka wurin."

"Da wannan gwiwar?"

"Da ita na zo."

Na fita na bar ta, don in na tsaya zan yi ihu. Na zagaya tsakar gida, na leƙa rijiya, na dawo. Tsoro nake ji, ba zan yi ƙarya ba. Har yau in na ji babura uku sun biyo layi tare sai in nemi wurin ɓuya. Ina son aikina. Ina son famfo, da wutar da ake kawowa ko sau biyu a mako. Kuma har yanzu ban ce komawa dabara ce ba. Mutanen fim ɗin nan ma ban ce masu dabara ne ba, na dai ce ba wawaye ba ne. Amma Inna za ta tafi ko na yarda ko ban yarda ba, ba ta gani sosai, kuma in wani abu ya same ta, ko a can ko a nan kan gadonta, gonar ta tafi tare da ita ba tare da kowa ya ƙwace ba.

Taubashiyata ta ishe ni a bakin rijiya. "Lafiya kike zagaye kamar kazar da za ta yi ƙwai?"

"Ara mini takalminki na roba."

"Na zuwa ina?"

"Gona."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke? Allah ya jiƙan shuka."

Ga abin da na yanke. Gobe zan je in gaya wa shugabar makarantarmu ta ba ni mako biyu, in ta ƙi ta nemi wata. Na roƙi Alhaji ya sa a saro mini rassan cini-da-zugu daga shingen gonarshi ta Pauwa, dami biyu, don shi akuya ba ta cin shi, kuma da ya sha ruwa ya kama. Jibi da sassafe mu shiga motar Sheme, daga can mu canja. Za mu sauka wajen Yaya cikin gari, ba ƙauye ba, wannan na gaya wa Inna ba da wasa ba. Ranar da aka ce hanya lafiya, a kira maƙwabcin da dattawa biyu su tsaya shaida. Inna ta yi gaba, ni ina bayanta da fartanya, duk inda ta tsaya in haƙa in kafa reshe. Azahar na yi zan kamo hannunta, ko mun gama ko ba mu gama ba.