Fatar Maraƙin Inna Jumma

Duk abin da tsufa zai kwashe mini daga kai, ban jin zai kwashe ranar da na ƙone fatar maraƙin Inna Jumma da hannuna. Ina ba ku labarin ne, ku sababbin shiga aikin dabbobi, don kada ku ɗauka mu da muka yi ritaya waliyyai ne.

Lokacin ina ƙaramin malamin dabbobi a yankin Dogarawa. Aikina rigakafi, duba nama ranar kasuwa, da hawa moto, wato babur, zuwa ruga in an kira ni. Sama da ni akwai shef, wato shugabanmu, a buro, ofishinmu na Malbaza, sama da shi akwai na Tawa, sama da su duka kuwa akwai duk wanda ya sauko daga Yamai cikin farar mota.

Inna Jumma Bafillatana ce mai kawo nono kasuwarmu. Tana da saniya ɗaya tata ta kanta, Saige, jikar wadda mahaifinta ya ba ta ranar aurenta, sauran zuri'ar duk fari da ciwo sun kwashe. A bazarar waccan shekarar motar siminti ta take maraƙin Saige a bakin hanya. Ga wanda bai san shanunmu ba, saniyar nan ba famfo ba ce. In ba ta ga ɗanta ta lashe shi ba, sai ta riƙe nononta, ko da hantsar za ta fashe. In ta daɗe a haka sai ta ƙafe. Babban ɗan Inna, wanda garken ke hannunsa, ya riga ya ce ba zai ciyar da saniyar da ba a tatsa a tsakiyar bazara ba, kasuwar Illela za a kai ta.

Sai Inna ta yi abin da iyayenta ke yi. Ta sa aka feɗe maraƙin, ta cika fatar da ciyawa ta ɗinke, ta yayyafa mata gishiri, tana ajiye ta gaban uwar lokacin tatsa. Saige ta shinshina, ta lasa, nono ya fara zuwa kaɗan-kaɗan. Ni da kaina na gani.

Ana haka sai ga misiyo, wato baƙon aiki, daga Yamai cikin farar mota, wani saurayin likita, Dakta Sidiku, da akwatin ƙanƙara da na'urar hoto. Ya tara mu a buro ya yi mana karatu kan wani sinadari, oksitosin. Gaskiya yaron ya san littafi. Ya ce ƙwaƙwalwa ce ke yin sa, ta sake shi cikin jini. Shi ke matsa mahaifa lokacin naƙuda, shi ya sa ake yi wa mata allurarsa don tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Shi ke matso nono ya sauko in jinjiri ya kama mama. Har ma ya ce shi ke taimaka wa tunkiya ta gane ɗanta cikin garke, kuma masana na bincike ko zai yi amfani ga yaran da cuɗanya da mutane ke yi wa wuya, da masu yawan fargaba, ko da yake ba a kai ƙarshen maganar ba. Shef yana ta gyaɗa kai, amma na san barci yake yi da ido buɗe.

Da Dakta ya ce yana neman saniyar da ɗanta ya mutu don gwajin allurar sinadarin, wa ya ɗaga hannu? Ni. Ba wanda ya tambaye ni. So nake a rubuta sunana a rapor, wato rahoton aikin.

Washegari da hantsi muka isa rugar. Inna ta fito da fatar kenan, Dakta ya toshe hanci ya ja da baya kamar ya taka maciji.

"Mama, mi ne ne wanga?"

"Ɗanta ne, likita. In ba ta gane shi ba, ba ta ba da komi."

Ya yi dariya, ya juyo gare ni ya ce da Faransanci wannan shi ne duhun da suka zo yayewa. Doka ta ce mushen dabba a ƙone shi ko a binne, don kada ya yaɗa cuta. Dokar gaskiya ce, amma don dabbar da ba a san abin da ya kashe ta ba aka yi ta. Ni kuwa na san ba a ɗaukar cutar motar siminti ta fata. Na buɗe baki zan faɗa, sai na hango shef ya zuba mini ido, na mayar da bakina na rufe.

"Isufu, ɗauke ta ka ƙone," in ji Dakta, yana dubana.

Inna ta riƙe ƙafar fatar. Ni ta duba, ba shi ba.

"Malam, kai ma? Kai da ka ga tana lasa tai?"

"Ki yi haƙuri, Inna. Likita ya zo da abin da ya hi wanga."

Na kai ta bayan ruga, na tsiyayi mai daga tankin motona, na ƙyasta ashana. Da ciyawa a ciki, ba ta ɗauki lokaci ba.

Aka ɗaure Saige da igiya, Dakta ya soka mata allura. Kafin a ce kwabo nono ya sauko, har yana ɗiga ƙasa. Ƙwarya ta cika, ta yi kumfa. Aka tafa, aka ɗauki hoto: Dakta riƙe da ƙwaryar, shef a gefensa, ni kuma kunnena ɗaya da rabin hula. Kafin azahar farar mota ta kama hanyar Ƙwanni zuwa Yamai, da sauran kwalaben allurar a akwatinta, don kayan foroje ne, wato na shirin da ya turo shi, sai an mayar da su.

Abin da Dakta ya faɗa a buro amma bai faɗa a ruga ba shi ne, sinadarin nan ba ya jimawa a jini. Ƴan mintoci ne ya watse. Saniya kuwa safe da yamma ake tatsarta, kuma kowace tatsa sai ƙwaƙwalwarta ta sako sabo. Fatar da na ƙone ita ke sa ta sakowa. Inna ba ta san sunan abin ba, amma ta san inda ake taɓa shi.

Da yamma Saige ta ƙi. Washegari ma haka. Ta riƙa zagaya inda aka saba ajiye fatar tana kuka. Na yi ta ihu bayan hari. Firigon buronmu, na'urar sanyaya magani, ya daɗe da mutuwa, takardu ake ajiyewa a ciki don gara, saboda haka ba mu da maganin. Na sayo wasu kwalabe wajen mai sayar da magani a tebur a kasuwa, waɗanda rana ta gasa tun daga ƙetaren iyaka. Na yi mata sau biyu, kamar na yi mata ruwan randa. Na aro fatar wani maraƙi daga mahauta, ta shinshina sau ɗaya ta kawar da kai. Saniya ba ta da difloma, amma ta san warin ɗanta.

Cikin kwana goma hantsar ta motse. A ranar kasuwar Illela da ta biyo baya aka aike ni taimaka wa abokin aikinmu na can duba dabbobin yanka. Ina cikin layi sai ga Saige a hannun mahauci. Ni na buɗe mata baki, ni na duba idonta, ni na sa hannu cewa lafiyarta lau. Inna na tsaye nesa kaɗan da igiyar a hannu. Na je na gaishe ta, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Inna, don Allah ki yahe mini."

"Ba komi, Malam. Allurarku na da kyau, na gani da idona. Sai dai ita ta koma Yamai, mu ta bar mu nan."

Bayan wata biyu rapor ɗin ya iso buro, da hoton ƙwarya a bango. An rubuta cewa gwaji ya yi nasara, makiyaya sun karɓi sabuwar dabara da murna. Sunana yana shafi na ƙarshe, an ma yi kuskuren harafi ɗaya.

Ban ce ku raina ilimi ba. Maganin nan ya ceci mata da yawa a ɗakin haihuwa, kuma duk abin da Dakta ya faɗa a kansa gaskiya ne. Shi baƙo ne, kuskuren baƙo ya yi. Ni ne na san ruga, na san ba mu da firigo, na san zai tafi, na yi shiru saboda mota fara ce. In kun je ruga kun tarar da abu mai wari yana aiki, ku fara tambayar mai shi me yake yi, sannan ku tambayi kanku wa zai dawo gobe da safe. Daga ranar ban sake ƙone kayan kowa bisa umarni ba. Inna Jumma kuma ta ci gaba da gaishe ni a kasuwa har ta rasu, amma ba ta sake kirana rugarta ba.